Da Wane Aiki A Ke Tuna Mutum?

A birnin Katsina, in mutum ya rasu aka kai shi makwancinsa, ko a Ɗan Marina ko a Ɗan Takum, sai a komo ƙofar gidansa a shimfiɗa tabarmi, a zauna karɓar gaisuwa. Mai zuwa ya durƙusa, a yi fatiha, ya ce Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, a amsa masa da amin. In an ɗan natsa kuwa sai a shiga ambaton mamacin. In malami ne a tuna almajiransa. In attajiri ne a tuna waɗanda ya kai Makka. In kuwa tsohon soja ne, irin waɗanda suka ƙetare teku zamanin yaƙin Hitila, magana ɗaya a kan yi, a ce, "Ai ya yi yaƙin Burma." Shi ke nan, sai a yi shiru, kamar dai shekara tamanin ko casa'in da Allah ya ba shi duk sun shige cikin kalmomin nan biyar.

Ba laifin masu makoki ba ne, iyakar abin da suka sani ke nan. Amma ya kamata mai hankali ya tsaya ya tambayi kansa, shin wannan shi ne mutumin? Yaƙin nan shekara biyu ne ko uku a cikin rayuwarsa, kuma ba shi ya tsiro da shi ba, ba a ma shawarce shi ba. In an dubi ayyukan da ɗan Adam ya kan yi tun daga balagarsa har ranar da za a rufe shi, za a ga akwai wanda aka sa shi, ya yi ko yana so ko ba ya so. Akwai wanda ya yi don a biya shi ya ci da iyali. Akwai kuma wani, wanda ba a cika kula da shi ba, watau wanda ya kan yi da dare ko ranar hutu, ba wanda ya aike shi, ba wanda zai ba shi ko anini, sai don ransa yana so kurum. To, a cikinsu wanne ne ya fi nuna ainihin mutum, har ya cancanci a riƙa tunawa da shi?

Sai a fara da na dole, tun da shi a ke ambata a wurin makoki.

Sa'ad da yaƙin duniya na biyu ya tashi a 1939, Turawan Ingila suka nemi soja a ƙasashen da ke hannunsu. A Arewa ta hannun sarakuna aka bi, sarki ya faɗa wa hakimi, hakimi ya faɗa wa dagaci. Waɗansu samari su suka kai kansu, ko don kuɗi, ko don kaki, ko don su ga duniya. Waɗansu kuwa sunansu aka bayar, ba su sami bakin musu ba. Da fari Gabashin Afirka aka kai su, su kori sojan Italiya. A watan Fabrairu na 1941 sojan Nijeriya suka shiga Mogadishu, daga can suka nausa Harar ta ƙasar Habasha, tafiyar da ta fi mil 1,000, cikin wata guda. Bayan wannan aka juya da su gabas. A 1943 aka haɗa Runduna ta 81, aka ɗora ta a jiragen ruwa zuwa Indiya, ta 82 kuma ta bi bayanta a 1944. Mutum wajen 90,000 suka tafi daga Afirka ta Yamma, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya ne.

Ƙasar da aka kai su, watau Arakan a yammacin Burma, wadda yau a ke kira Myanmar, ba ta yi kama da ƙasar Katsina ba ko kaɗan. Mutumin da ya tashi a sarari, inda a kan hangi raƙumi tun yana nesa, sai ga shi cikin ƙungurmin dajin gora, duwatsu a tsaitsaye, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya wata da watanni, ga sauro, ga matsattsaku, ga kuma sojan Japan a ɓoye ba a ganinsu sai an ji harbi. A kwarin kogin Kaladan babu hanyar kirki, da adda da diga suka sare tasu, kaya kuwa a ka a ke ɗauka. Abinci da harsashi daga sama a ke jefo musu da laima. Nan ne fa wayar iska ta zama rai. In ɗan sigina bai aika da saƙo daidai ba, matuƙin jirgi ba zai san inda zai jefa kaya ba, mutum ɗari su kwana da yunwa saboda kuskuren mutum guda.

Saboda haka aikin soja ya zame wa da yawa makaranta. Yaron da bai taɓa riƙe kome ba sai fartanya, ya komo direba, ko makaniki, ko kafinta, ko mai ɗaurin rauni, ko mai kafa gada a kan rafi, ko mai ja da gyaran waya. Da yawa kuma a bariki suka fara sanin baƙaƙen boko, tun ba a kafa Yaƙi da Jahilci ba. Katsina kuwa tana da nata rabo na musamman a labarin nan, gama Sarki Usman Nagogo bai daɗe da hawa gadon mahaifinsa a 1944 ba sai ya ɗauki doguwar tafiya har Indiya da Burma, don ya ga sojan Nijeriya da idonsa. Mai karatu ya auna yadda Bakatsine zai ji, yana can a ƙarshen duniya, a ce masa ga sarkinsa ya zo.

A watan Janairu na 1945 rundunonin nan biyu suka ci garin Myohaung. Yaƙi ya ƙare a watan Agusta, amma sai a 1946 akasarinsu suka ga gida, don ƙarancin jiragen ruwa. Aka ba su kuɗin sallama, wanda bai kai na takwarorinsu Turawa ba, aka ba su lambobi, kowa ya kama gabansa. Wani ya sami aiki a yadin En'e, wani ya shiga ɗan doka, wani ya zama masinja a ofis, wani ya koma gona. Abin mamaki, wuraren da suka yi yaƙi an adana sunansu. A Ikko akwai barikin Dodan da na Myohaung da na Arakan, a Ibadan akwai Letmauk, a Kaduna akwai Kalapanzin da Dalet, a Zariya akwai Chindit. Duk sunayen yaƙin Burma ne. An tuna rafi, an tuna tudu, amma mutanen da suka haura su an bar su da jimla guda.

Kada mai karatu ya zaci ana raina aikin dole ne. Umurni na mai ba da shi ne, amma haƙuri na wanda ya ɗauka ne. Soja biyu a kan ba umurni ɗaya, a ce su ja da baya. Ɗaya ya tsira da ransa, ba kuwa wanda zai zarge shi. Ɗayan ya tsaya ya saɓi ɗan'uwansa mai rauni a kafaɗa. Wannan ba hafsa ya sa shi ba. Haka kuma aikin albashi. Makaniki biyu suna yadi ɗaya, kuɗinsu ɗaya ƙarshen wata. Ɗaya ya ɗaura noti iyakar inda idon shugaba zai gani, ɗayan ya shiga ƙarƙashin mota ya ɗaura wanda ba mai dubawa, domin ya san gobe mutane za ta ɗauka.

Duk wanda ya taɓa awo a kasuwa ya san wannan bambanci. Mai hatsi ya cika mudu, wannan haƙƙin mai saye ne, in ya rage alƙali ya kama shi. Sa'an nan sai ya sa hannu ya ƙara gyara. Ba doka ta sa shi ba, ba kuma a cikin ciniki ta ke ba. Da mudu a ke sanin mai awo ba ɓarawo ba ne, amma da gyara a ke sanin ko wane irin mutum ne. Abin yabo a cikin aikin dole da na albashi, in an bincika, gyarar nan ce da mutum ya ƙara daga kansa. Inda kuwa aka sami aikin da duk gyara ne, babu mudu a ƙarƙashinsa, nan hali ya ke fitowa fili ba rufi.

Don a ga wannan sosai sai an dubi mutumin da aka rubuta rayuwarsa dalla-dalla, tun da sojan Katsina ba a rubuta tasu ba. Akwai wani Ba'amurke wanda ya haɗa abubuwan nan duka, ya yi soja, ya yi injiniya, kuma tun yana yaro har ya tsufa yana wasa da wayar iska don sha'awa. Sunansa Edwin Howard Armstrong. Duk mai kunna rediyo a Katsina, ko a shago, ko a mota, ko a wayar hannu, yana cin moriyar aikinsa ko da bai taɓa jin sunan ba.

Amma tukuna, mene ne wasa da wayar iska? Rediyon da kowa ya sani, ji kurum a ke yi da shi. Akwai kuwa waɗansu mutane a ko wace ƙasa waɗanda su kan ci jarrabawa, hukuma ta ba su lasin da lambar kira, su kafa 'yar tashar kansu a ɗaki, su ɗaga eriya a bayan gida, su riƙa magana da irinsu a wata nahiya, ko da murya, ko da buga waya irin ta Morse, mai gajeren sauti da dogo. Lambar kira ita ke nuna ƙasar mutum: ta Nijeriya da 5N ta ke farawa, ta Nijar da 5U. Sharaɗin lasin ɗin kuwa shi ne ba a neman kuɗi da shi, ba ciniki, ba talla. Ashe ke nan aiki ne wanda doka da kanta ta ce gyara ne zalla.

An haifi Armstrong a birnin New York a 1890. Tun yana ɗan makaranta ya cika ɗakin saman gidansu da wayoyi, ya kafa dogon sanda a tsakar gida ya ɗaura eriya, ya kan kwana da abin ji a kunne yana farautar sautin da ke zuwa daga nesa. A zamanin nan sautin ba ya da ƙarfi, sai mutum ya riƙe numfashi kafin ya ji. A 1912, yana ɗalibi a Jami'ar Columbia, ya gano in aka mai da sautin da ya fito daga ƙwan rediyo aka sake shigar da shi ciki, ya yi ta kewayawa, sai ya ƙaru ninki ba ninki, har a ji shi a ɗaki ba tare da abin kunne ba. Ba wanda ya sa shi wannan bincike, ba wanda ya biya shi.

Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko a 1917 sai ya shiga soja, aka kai shi Faris cikin 'yan sigina, ya kai muƙamin Manjo. A can, a 1918, ya fito da wata dabara ta sauya sigina mai tsananin sauri, wanda injin lokacin ba ya iya kamawa, a mai da shi mai sauƙi kafin a ƙara masa ƙarfi. A kan wannan dabara aka ƙera kusan ko wane akwatin rediyo da talabijin na shekaru masu yawa bayansa. Faransa ta ba shi lambar girma. Da ya komo gida kamfanoni suka sayi fasaharsa, ya zama mai dukiya tun bai kai shekara 35 ba.

To, ga inda halinsa ya nuna. A 1912 gwamnatin Amurka ta yi doka ta kori masu sha'awa daga dogon zango, ta bar musu na mita 200 zuwa ƙasa, don masana na lokacin sun ɗauka gajeren zango ba ya zuwa ko ina. Masu sha'awa suka ce za su gwada. A watan Disamba na 1921 Armstrong, Manjo guda, mai arziki, ya shiga wata 'yar bukka a fili a garin Greenwich tare da abokansa biyar, cikin tsananin sanyi, suka haɗa tasha mai lamba 1BCG. Wani abokinsu, Paul Godley, ya ƙetare teku ya kafa tanti a Ardrossan ta ƙasar Sikotlan, ruwa na dukansa, yana sauraro. Ya kuwa ji saƙonsu sarai daga nisan da ya fi mil 3,000. A 1923 waɗansu masu sha'awa, ɗaya a Nice ta Faransa, biyu a Amurka, suka yi magana da juna kai da komo a zangon da ya fi wannan gajarta. Dalili kuwa shi ne, can sama akwai wani rufin iska wanda ya ke mai da gajeren zango ƙasa, kamar yadda bango ke mai da ƙwallo, sai ya faɗo a wata ƙasa mai nisa. Da gwamnatoci da kamfanoni suka ga haka sai suka yi ca a kan abin da dā suka yar. Sa'ad da Sashen Hausa na BBC ya fara magana ran 13 ga Maris, 1957, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, mutumin ƙasar Katsina, a kan gajeren zangon nan muryar ta hau ta iso gida.

Da labarin ya tsaya nan, da amsar tambayar ta yi sauƙi. Amma bai tsaya ba.

Wani mai ƙirƙira, Lee de Forest, ya ce shi ya riga gano dabarar nan ta 1912. Aka shiga shari'a fiye da shekara goma, har a 1934 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ba de Forest gaskiya. Injiniyoyi da yawa sun ga alƙalan ba su fahimci yadda injin ke aiki ba. Armstrong ya ɗauki lambar yabon da ƙungiyarsu ta ba shi ya kai musu zai mayar, suka ƙi karɓa, suka ce tasa ce. Mai sauƙin zuciya da wannan ya ishe shi. Shi kuwa abin ya zauna masa a rai.

Ana cikin haka ya fito da babban aikinsa. Wanda ya saurari matsakaicin zango da damina ya san yadda rediyo ke ƙara in an yi walƙiya, har magana ta ɓace. Masana sun ce wannan ba ya da magani. A 1933 Armstrong ya sami takardun mallakar wata sabuwar hanya wadda ƙarar nan ba ta shiga, ita ce a ke kira FM. Babban kamfanin RCA, wanda shugabansa David Sarnoff tsohon amininsa ne, har ma sakatariyarsa Armstrong ya aura, bai yi ɗokin abin ba. Sai ya gina tashar kansa da kuɗin aljihunsa a Alpine, da hasumiya mai tsawon ƙafa fiye da 400. Da yaƙi na biyu ya zo ya yafe wa sojan ƙasarsa su yi amfani da fasahar ba ko kwabo. Wannan ma gyara ce, babba kuwa. A 1940 RCA ta miƙa masa dala miliyan 1 a kan ta yi amfani da FM, ya ƙi, don yana so a biya shi yadda sauran kamfanoni ke biya. A 1945 hukuma ta ɗauke FM daga inda ya ke ta mai da shi tsakanin 88 da 108, inda ya ke har yau, akwatunan da aka riga aka sayar suka zama ba amfani. A 1948 ya kai RCA ƙara. Lauyoyi suka yi ta jan shari'ar shekara biyar ba a ko shiga gundarinta ba. Dukiya ta zube, lafiya ta tafi, zamansa da iyalinsa ya ɓaci. A daren 31 ga Janairu, 1954, yana da shekara 63, ya halaka kansa, abin da addini ya hana, hankali kuma ya ƙi. Hukuncinsa yana ga Mahaliccinsa.

Matarsa Marion ta ci gaba da neman haƙƙinsa. A ƙarshen shekarar RCA ta biya dala miliyan 1 da 'yan kai, kusan abin da ya ƙi karɓa shekara 14 da suka wuce. Sauran kamfanoni, waɗansu suka yi sulhu suka biya, waɗansu kotu ta ba ta gaskiya a kansu, na ƙarshe a 1967.

Shin ya yi kuskure da ya nemi haƙƙinsa? Ko kusa. An zalunce shi, kotuna ma sun tabbatar daga baya, kuma wanda ya ga ana cin guminsa ya yi shiru ba lalle mai haƙuri ba ne, wani sa'i matsoraci ne. Kuskurensa a wani wuri ya ke. Abin da ya fara don so, a ɗakin sama da abin ji a kunne, ya bari ya rikiɗe ya zama awon suna, wa ya riga, wa za a rubuta. Mai hatsin da ya fara ƙirga gyararsa, yana bin mutane su shaida shi ya bayar, ya mai da ita mudu, daɗin da ke cikinta kuwa ya tafi. Mutumin da ya kwana a bukkar Greenwich ba don kome ba, da wanda ya ƙare kwanakinsa a gaban lauyoyi, mutum ɗaya ne, kuma tushen abin ɗaya ne, watau naci. Naci ya ba shi FM sa'ad da kowa ya ce ba zai yiwu ba, naci kuma ya hana shi sakin abin da ke cinsa. Saboda haka aikin so yana nuna mutum da gaske, amma ba kirkinsa kaɗai ya ke nunawa ba, har da lahaninsa.

Wani zai ce, ai wannan zancen masu hali ne. Tsohon sojan da ya komo Katsina a 1946 da 'yan fam kaɗan, ina ya ga kuɗin kafa tasha? Gaskiya ne. A shekarun nan rediyo ma kansa baƙo ne. A 1944 aka fara rediyon waya a Kano, wanda a ke ja da waya zuwa akwatin da ke magana a bango, ba a iya juya shi zuwa wata tasha. Masu lasin na sha'awa kuwa kafin samun mulkin kai, sa'ad da lambar Nijeriya ta ke farawa da ZD2, akasarinsu Turawa ne ma'aikata. Manya su ke da sararin irin wannan. Sarki Husaini na Jordan a zamaninsa yana da lambar JY1, ya kan kwana yana hira da talakawan wata ƙasa, suna kiransa da sunansa kurum. A Katsina ma haka ne, sai dai a kan doki. Sarki Muhammadu Dikko ya kafa wasan folo a garin, ɗansa Usman Nagogo ya shahara da shi har ƙasashen waje. Jikansa Manjo-Janar Hassan Usman Katsina ya riƙe Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, ya shugabanci sojan ƙasa a lokacin yaƙin basasa, ya rasu a 1995, amma in ana hirarsa ba a daɗewa sai an gangaro kan dawaki da filin folo. Mutane sun gane nan ne zuciyarsa ta ke sakewa.

Amma gyara ba ta masu buhu ba ce kaɗai, mai tallan gyaɗa ma ta kan ƙara ƙwaya biyu. A ɗauka wani ɗan sigina ne ya komo unguwarsu, a Rafindadi ko Yarinci, yana gadi da rana. Da dare maƙwabta su kawo masa tocila ko akwatin rediyon da ya mutu, ya buɗe ya hura, ya haɗa waya, ya ƙi karɓar kome. Ko ya tara yaran unguwa a gindin fitila yana nuna musu baƙaƙen da ya koya a bariki. Ko ya zama shi ke rubuta wa tsofaffi wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu da ke Kurmi. Ba lasin, ba lambar kira, amma aikin ɗaya ne da na bukkar Greenwich. Bambancin kurum, wancan an rubuta, wannan ba a rubuta ba.

Masu wayar iska ta sha'awa suna da wata al'ada a kan wannan. Ko wannensu ya kan ajiye littafi, duk wanda ya yi magana da shi ya rubuta rana da sa'a da lambarsa. Bayan haka su aika wa juna da kati, shaidar cewa lalle na ji ka ran kaza. In ɗayansu ya rasu su kan ce maɓallin wayarsa ya yi shiru, kuma mujallar ƙungiyarsu ta Amurka, mai suna QST, ta kan buga sunayen irin waɗannan da lambobinsu. Hausawa sun fi su addu'a ga mamaci, wannan ba shakka, addu'a kuwa ta fi kati amfani ga wanda ke kabari. Sai dai ga masu rai, ga jikan da bai ga kakansa ba, akwai abin da littafin nan ya ke riƙewa wanda baki ba ya riƙe shi fiye da zuriya biyu.

Gwamnatoci ma ba abin dogara ba ne a nan. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen rainon Ingila ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 na yaƙin farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a ko ina ba. Na Burma sun ɗan fi sa'a. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun an sassaƙa sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, da na 'yan Nijeriya a ciki. Waɗanda suka faɗi an sa su a dutse, waɗanda suka komo suka rayu shekara hamsin suna aiki a cikin mutanensu, su ne ba su da ko layi ɗaya.

Akwai wanda ya fita daga wannan, don ya iya rubutu. Isaac Fadoyebo, Bayarabe daga wajen Owo, ma'aikacin asibitin soja ne. A watan Maris na 1944 aka harbe shi a bakin kogin Kaladan, aka bar shi a kan ya mutu, shi da wani mutumin Saliyo, David Kargbo. Wani manomi Musulmi na ƙauyen, mai suna Shuyiman, ya ɓoye su yana ci da su har wata tara, alhali ya san in sojan Japan suka gane ransa ne. Ba wanda ya sa shi, ba su ma jin harshen juna. Da Fadoyebo ya tsufa sai ya zauna ya rubuta abin da ya faru. Wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, ya sami rubutun a Landan, ya nemo shi a Ikko, sa'an nan a 2011 ya ɗauki wasiƙarsa ta godiya ya kai har ƙauyen nan, ya ba 'ya'yan manomin. Fadoyebo ya rasu a 2012. Da bai ɗauki alƙalami ba, da ba wanda ya san akwai Shuyiman.

Yaron da aka ɗauka soja yana da shekara 18 a 1943, a 2025 ya cika 100. Ke nan su kansu kusan duk sun tafi. Amma a gidaje na cikin birni da ƙauyukan Katsina ba a rasa tsohuwar adaka wadda a ƙasanta akwai lamba mai siffar tauraro da ɗan littafin sallama. Littafin ya faɗi lambar mutum, da muƙaminsa, da ranar shigarsa da ta fitarsa, da shaidar da hafsa ya yi wa halinsa. Mudun ke nan, an auna an rubuta. Sauran yana wurin 'ya'yansa, da matarsa ta ƙarshe in tana da rai, da tsofaffin unguwa waɗanda dā su ne yaran gindin fitila. Wanda ya gama ajin Yaƙi da Jahilci yana da abin da a ke bukata, fensir da littafin rubutu. In ya je ya gaishe su, ya tambayi labarin Burma, za su faɗa masa ɗan abin da suka ji. Bayan nan sai ya tambaye su, shi marigayin, in ya taso daga aiki ya yi sallar isha, me ya kan zauna yi?